Jan Ƙyallen Ƙofar Sito

A masana'antar ɗinkin nan ta bayan tashar mota, inda ake ɗinka kayan 'yan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti, kowa Gwaggo yake ce mata, har Mai Kamfani da furfurarsa. Daga bakin Manaja sunan ya fito, domin ita kam gwaggonta ce ta jini, yayar mahaifinta. Ita ta riƙe ta bayan rasuwar uban, ita ta kawo ta nan tana 'yar budurwa ta zaunar da ita a kan keke, ta kuma sha buge mata hannu da bayan almakashi in ta karkatar da ɗinki. Yau ga yarinya ta zama Manaja, da ofis da kujera mai juyawa. Gwaggo kuwa tana nan inda aka san ta, tsaye a teburin yanka, alli a bayan kunne, duba ɗaya take yi wa yadi ta san inda za ta sa almakashi.

Gwaggo ba ɗa ba jika, mijin ma ya daɗe a ƙasa. Ɗaki ɗaya take haya, kwana kawai ke kai ta can. Manaja ta yi roƙo har ta gaji a kan ta dawo gidanta ta huta. Har ɗaki ta gyara mata, da gado da sabuwar katifa, da ta ƙi zuwa ya zama wurin ɓuyan yaran gidan.

"In huta in yi me? In zauna ina korar ƙuda?" in ji Gwaggo. "Ke dai 'yar nan, abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki bari a raba ni da teburin nan ina da sauran ƙarfina. Ranar da aka zaunar da ni, ranar na gama."

Manaja ta ɗauki alkawari, kuma ba da wasa ta ɗauke shi ba. Sai dai a kwanakin nan Mai Kamfani ya fara wata irin tambaya mai kama da tausayi. Ya tsaya a bakin ofis, ya dubi teburin yanka, ya ce, "Tsohuwar nan kuwa ba ta gaji ba? Akwai fa yara masu jini a jika." Manaja ta yi dariya ta ce ai Gwaggo ƙarfe ce, amma duk ranar da ya faɗa sai gabanta ya faɗi. Ta san halinsa. Ba mugu ba ne, amma da ya ga alamar rauni ɗaya zai haɗa taro, a yi jawabi, a ba Gwaggo agogon bango, a raka ta bakin ƙofa da tafi.

To, a can ƙarshen zauren ɗinki, bayan wurin guga, akwai wani sito mara taga, sai 'yar kafar iska a sama. Nan ake tara guntayen yadi cikin buhuna kafin masu yin matashin kai su zo su kwashe. Ƙofarsa ta katako ce mai kuka, cikinsa kuma warin sabon yadi da man keke. Tun kafin zuwan Manaja matan wurin suka mai da shi wajen ibadarsu. Masu salla su shimfiɗa kwali su yi abinsu, masu zuwa coci su durƙusa su kifa kai a buhu, ba wadda ta taɓa tambayar wata me ta roƙa. A jikin ƙofar akwai ƙusa, a ciki kuma akwai wani jan ƙyalle da ya koɗe don daɗewa. In aka ga ƙyallen nan rataye a ƙusa, ba a shiga, ba a ƙwanƙwasawa, in mai shi ta fito ba a tambayarta. Wadda ke kusa da ita kuma za ta jawo ɗaurin aikinta, wato yankakken yadin da aka ba ta ta ɗinka, ta haɗa da nata har ta dawo. Babu wanda ya rubuta dokar nan, kuma babu wadda ta taɓa karya ta.

Manaja ta san siton ciki da bai. Shekarar da cikinta ya zube, ta dawo aiki jiki ba ƙwari, ta yi ta ɗinka hannun riga a baibai tana warwarewa. Gwaggo ta kama ta a gwiwar hannu, ta kai ta sito, ta ja ƙofa, ta rataya ƙyalle. A kan buhunan nan Manaja ta yi kukan da ta kasa yi a gida, ta gaya wa Allah abin da ta kasa gaya wa mijinta. Da ta fito ta tarar an gama ɗaurinta tsaf. Gwaggo da ta daɗe da barin keke ita ta zauna ta ɗinke shi. Saboda haka kada wani ya ce rashin sanin darajar siton ne ya ja abin da ya faru. Sanin ne ma ya kai ta ya baro.

Wata rana Mai Kamfani ya dawo daga wani taron masu masana'antu bakinsa cike da labari.

"Manaja, kin san abin da aka gano? Ma'aikacin da ke da wurin ganawa da Ubangijinsa a wajen aiki ba ya yawan ciwo, ba ya yawan fashi, aiki kuma ya fi auki a hannunsa. Masu sayen kayanmu ma suna son ganin irin wannan abu."

"Yallaɓai, ai mu tuni muna da shi!" in ji Manaja, baki har kunne.

Ta ja shi har ƙarshen zaure ta tura ƙofar. Ƙofa ta yi kukanta. Ya leƙa, ya ga buhuna jibge, kwalaye a ƙasa, buta mai ɗigo, da kashin ɓera a lungu. Ya ja da baya yana toshe hanci.

"Nan? Nan za mu nuna wa baƙi? Haba Manaja."

Ba ta taɓa ganin siton da idon baƙo ba sai ran nan. Kunya ta rufe ta, irin wadda mutum ke ji in an leƙa masa ƙarƙashin gado. Kafin su dawo ofis kunyar ta rikiɗe ta zama dabara. Za a gina sabon ɗaki na gani na faɗa, kyauta ga matan da suka sha wahala. Kuma za a naɗa Gwaggo mai kula da shi, a riƙa nuna ta ga baƙi a matsayin wadda ta kafa abin. Wa zai sallami tsohuwar da yake alfahari da ita a gaban baƙi? Ranar Manaja ta koma gida tana jin ta fi kowa wayo a duniya.

Aka yi ɗaki kuwa. A gaba aka yi shi, daura da ofishinta, yadda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi. Tayil a ƙasa, darduma mai laushi, fanka, famfon alwala, benci mai katifa ga masu durƙuso. Bangon gaban kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama, don a cewar Mai Kamfani abu mai kyau ba a ɓoye shi. Tsohon sito aka share shi tas, aka girke injin ɗaure kwali a ciki. Manaja ba ta manta da dokar mata ba, kada a zalunce ta. Ta sa an kafa maratayin ƙarfe mai sheƙi a sabuwar ƙofar, ta ɗinka sabon jan ƙyalle da hannunta, ta kalmashe bakinsa.

Ranar buɗewa aka sha lemo aka ɗauki hoto. Akwai mai guga da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa daga safe har tashi. Ita ta ɗaga sabon ƙyallen tana juya shi.

"Ranki ya daɗe, in na rataya wannan, su wa zai hana gani? Makafi?"

Aka kwashe da dariya, Manaja ma ta yi. Gwaggo ba ta yi ba. Ta zagaya ɗakin a hankali, ta taɓa darduma da ƙafa, ta dubi ofis ta cikin gilashi.

"Ya yi kyau, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Sai dai tsirara yake. A gidan ɗinki kuwa bai kamata labule ya gagara ba."

"Za a sa, Gwaggo. Bari dai baƙi su zo su gani tukuna."

Washegari Gwaggo ta yanka labule daga ragowar shuɗin yadin asibiti, wata ta ɗinke, Rediyo ta goge shi har yana ɗaukar ido, aka kai ofis a ninke. Manaja ta ɗora shi a kan kabad. Baƙi suka zo suka yaba, suka gaisa da Gwaggo hannu biyu, Mai Kamfani yana ta washe baki yana cewa uwarmu ce nan. Bayan su wasu suka zo. Da Manaja ta taɓo zancen labule, sai ya ce, "A'a, gilashin ai shi ne kyan abin." Ta bar zancen. Lissafinta shi ne kada ta ɓata masa rai yanzu da ya daina tambayar ko tsohuwa ta gaji. Gwaggo ta sake tuna mata, ta ce gobe. Ta ƙara tuna mata, ta ce bayan wannan makon. Daga nan Gwaggo ba ta sake magana ba, Manaja kuwa ta ɗauka an saba ke nan.

Daga kan kujerarta tana ganin komai. Mata na shiga su yi ibada kamar ana korarsu, su fito suna gyara ɗankwali. Takan sunkuyar da kai don kada su ce tana kallonsu, amma wa ya san ta sunkuyar? Su dai sun san ofis na da ido. Ba wadda ta taɓa rataya sabon ƙyallen, har ƙura ta hau shi. Sannu a hankali zaure ya canza. Aljihu ya fara fitowa a karkace, maɓalli a inda ba rami. Mata biyu da suka yi shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suka yi cacar baki a kan ƙwaryar zare har sai da aka raba. Ƙofar banɗaki ta riƙa daɗewa a kulle, mai fitowa ido jawur. Mai Kamfani ya ce shi fa bai ga aukin da aka yi masa alkawari a taro ba. Manaja ta ce zafi ne, ta sa aka ƙara fanka.

Gwaggo ma ta canza, kuma Manaja ta gani. Ta ga ta bar takalminta ta koma silifa irin na maza, shi ma an tsaga gefensa saboda kumburin ƙafa. Ta ga tana jingina ƙugu da tebur in tana yanka, abin da take zagin yara a kansa. Ta ga layin allinta, wanda a da ko ma'auni ba ya fi shi miƙewa, ya fara rawa. Ta tambaye ta sau ɗaya.

"Tsufa ne, Manaja," in ji Gwaggo, don haka take kiranta in tana son a rufe zance. "Ke ma yana nan tafe."

Manaja ta karɓi amsar da sauri, saboda ita take son ji. Gaskiyar magana tsoron amsa ta biyu take yi. In ta sani, dole ta yi wani abu, abin da za ta yi kuwa shi ne abin da ta yi alkawarin ba za ta yi ba. Sai ta koma tare wa Gwaggo ido. In Mai Kamfani ya nufi teburin yanka, ta ja shi da zance zuwa wani wajen.

Akwai wata azahar da har yau Manaja ba ta iya tuna ta ba tare da ta runtse ido ba. Mai Kamfani na ofishinta a tsaye suna duba samfurin wata riga. Ta ɗaga kai ta hangi Gwaggo ita kaɗai a sabon ɗaki. Ta idar da salla ta daɗe a zaune, hannu ɗaya a aljihun rigar aiki. Can sai ta karkata, ta dafa darduma da gwiwar hannu kamar mai shirin kishingiɗa. Ta ɗago ido. Idonta ya faɗa cikin na Manaja, ya wuce kan Mai Kamfani. Manaja kuwa, mai wayon duniya, ta yi mata murmushi har da ɗaga hannu. Gwaggo ta miƙe zaune, ta fitar da hannu daga aljihu ba komai a cikinsa, ta dafa gilashi ta tashi, ta koma teburinta.

Bai fi 'yan kwanaki ba bayan wannan, da la'asar, aka ji ƙarar almakashi a ƙasa. Almakashin Gwaggo babba ne mai nauyi, kuma tun da ake ba wanda ya taɓa jin faɗuwarsa. Kekuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Ko da Manaja ta iso da gudu, Gwaggo na kwance tsakanin tebur da bango, bakinta ya karkace, tana ƙoƙarin magana ba ta fita. Rediyo ce ta tallabe kanta, kuma ranar ko kalma ɗaya ba ta fito daga bakin Rediyo ba.

A asibiti likita ya fito ya tambayi wace ce 'yarta. Manaja ta miƙe.

"Za ta rayu in Allah ya so," in ji shi. "Amma ɓarin dama ya shanye. Hawan jininta ba na yau ba ne, mun daɗe muna ba ta magani, kuma da yana yi mata aiki. Ga alama ta daina sha. Kin san dalili?"

Manaja ta shiga tambayar kanta. Wane hawan jini? Wane magani? Likita ya dube ta irin duban da ake yi wa 'ya'yan da ba su san komai a kan iyayensu ba, ya wuce.

Rediyo na zaune a benci, rungume da rigar aikin Gwaggo. Manaja ta zauna kusa da ita.

"Kin sani?"

"Duk zaure ya sani, ranki ya daɗe."

"Duk zaure? Ban da ni?"

Rediyo ta shafa rigar, ta yi magana a hankali, ba irin maganarta ba.

"Maganin na rana jiri yake sa ta. In ta sha sai ta kwanta ta ɗora ƙafa a kan buhu har ya sake ta. Kullum bayan azahar take rataya ƙyalle. Mu kuma mu ja mata aikin, wannan ta shimfiɗa yadi, wannan ta jera kwalin awo, in ta fito sai dai ta sa almakashi. Ke kina ofis, ba kya zagayowa ta bayan guga. Da aka kawo gilashi, ta gwada sha a tsaye, ta kusa kifewa a kan tebur. Ta gwada banɗaki, ba wurin kwanciya. Sai ta ce bari ta ɗan dakata da shi har a sa labule."

Har a sa labule. Manaja ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji. Ta ga kabad ɗin ofishinta, ta ga shuɗin yadin nan a ninke a samansa, da kwalin biskit da ta ɗora a kai.

"Me ya hana ɗayanku ta zo ta gaya mini? Ku ce mini labulen nan rai ne!"

"Abin da ke bayan ƙyalle ba a tambayarsa, ba a kuma faɗarsa. Ke ma kin sani, an taɓa rataya miki. Mun so mu karya, wallahi mun so. Ita ta hana. Ta ce, ɗiyata ba ta iya ƙarya ba, in Yallaɓai ya tambaye ta fuskarta za ta faɗa masa. In kuma bai tambaya ba, tausayi zai sa ita da kanta ta kai ni gida. Kada ku ɗora mata wannan kaya."

Sai Rediyo ta sa hannu a aljihun rigar ta fito da abu biyu: ƙullin ƙwayoyin magani a leda, da tsohon jan ƙyallen nan da ya koɗe.

"Ranar da aka share sito ta tsince shi a shara. Kullum yana aljihunta. Takan fito da shi ta duba, ta dubi gilashi, ta mayar."

Manaja ba ta yi kuka a nan ba. Mutane na wucewa, ga ma'aikatanta na isowa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma Manaja ce. Ta haɗiye, ta yi ta amsa sannu.

Washegari da safe ta sauko da labulen. Ta hau kan benci mai katifa da takalminta, ta rataya shi da kanta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda aikin bai ɗauki komai ba, kafin shayin da ta zuba ya huce an gama. Mai Kamfani ya shigo ya gani, ya buɗe baki.

"Yallaɓai, ko labule ko ni," in ji ta, ba ta ko sauko daga bencin ba.

Ya rufe bakinsa. Ya ce shi ma da ma yana tunanin hakan.

Ba a jima ba aka fara ganin sabon ƙyalle a maratayi. Wadda ta fara ratayawa ɗaya ce daga matan nan biyu da suka yi faɗa a kan zare, wadda ta ja mata ɗauri kuma abokiyar faɗan ce. Aljihu ya koma daidai, maɓalli ya sami raminsa, fashi ya ragu. Mai Kamfani ya riƙa gaya wa baƙi cewa abin da aka faɗa a taro gaskiya ne, shi shaida ne. Manaja takan gyaɗa kai. Ta daina kallon ɓangaren teburin yanka, inda wata doguwar mata mai saurin hannu ke tsaye yanzu. Ba ta da laifi, ta iya aikinta, sai dai a aljihu take ajiye alli.

Da aka sallami Gwaggo, gidan Manaja aka kawo ta, ɗakin nan da aka daɗe da gyara mata. Ta sami gado da sabuwar katifa da mai yi mata komai. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, a ja, kamar harshen ya yi mata nauyi. Hannun dama kuwa yana kwance a cinyarta inda duk aka ajiye shi, da kantar almakashi har yanzu a babbar yatsa. Yini take tana kallon taga. Ba ta taɓa cewa ke kika ja ba, kuma da ta faɗa da ya fi wa Manaja sauƙi.

Wata yamma Manaja ta dawo daga aiki ta shigo ɗakin da jakarta a kafaɗa. Yara na ta tsalle-tsalle a tsakar gida, ƙaraminsu na buga murfin tukunya. Ta zauna a bakin gado ta fito da almakashin, da tsohon ƙyallen naɗe a hannunsa. Ta daɗe tana ajiye da su a ofis, ta rasa ranar da za ta iya kawowa.

"Gwaggo, an sa labulen."

"Ya... kai ƙasa?"

"Ya kai. Daidai kika yanka shi."

Gwaggo ta ɗan murmusa da rabin bakin da ke motsi. Ta sa hannun hagu ta taɓa almakashin, ta gwada zura yatsu, suka ƙi zama. Ta bar shi a kan bargo.

"Wa ke... yanka?"

Manaja ta dubi almakashin a kan bargo. Abin da ta haɗiye a asibiti, ta haɗiye a kan benci, take haɗiyewa kullum in ta wuce teburin nan, duk ya taso lokaci ɗaya. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da hannu don kada yara su ji.

"Na yi miki alkawari, Gwaggo. Ni na ce ba za a raba ki da shi ba, kuma ni na..."

A waje ƙaramin ya fara bugun ƙofa yana kiran Mama, Mama.

Gwaggo ta kai hannun hagu ta warware ƙyallen daga jikin almakashi. Ya ɗauke ta lokaci, yana zamewa tana sake kamawa, Manaja kuma ba ta yi gigin taimaka mata ba. Da ta cire shi ta miƙa mata, ta nuna ƙofa da haɓa.

"Rataya... a marikin. Na koya musu. Sun san doka."

Manaja ta tashi ta buɗe ƙofa kaɗan, ta rataya shi, ta rufe. Bugun ya tsaya. Ta ji babbar 'yarta na jan ƙaninta tana raɗa masa wani abu, sawunsu ya yi nisa. Ta dawo ta durƙusa a gaban gado ta kifa kai a kan bargo, kamar yadda ta taɓa kifa shi a kan buhu. Hannun hagu ya sauka a kanta, mara nauyi.

"Yi abinki, ɗiyata. Ba mai shigowa," in ji Gwaggo. Ta ɗan numfasa, tana duban hannun da ke kwance a cinyarta. "Sai dai yau... in kin fito, za ki tarar da ɗaurinki yadda kika bar shi. Ba zan iya ja miki ba."